Gwendolyn Brooks da Ranar da Gida Ya Karrama Nasa

A ƙarshen watan Satumba na 1994, wani ƙaramin gari mai suna Harrisonburg, a cikin kwarin Shenandoah na jihar Bajiniya, ya cika da baƙi irin waɗanda bai saba gani ba. Marubuta waƙa ne baƙar fata na Amurka, tsofaffi da matasa, tare da malaman jami'a masu nazarin ayyukansu, suka yi kwana uku a Jami'ar James Madison suna karanta waƙoƙi, suna muhawara, suna gaisawa da mutanen da suka daɗe suna karantawa amma ba su taɓa haɗa ido da su ba. Wata malamar adabi, Joanne Gabbin, ita ta kira taron, ta kuma sadaukar da shi ga wata tsohuwa 'yar shekara 77 daga Shikago, mai manyan tabarau da murya mai hawa da sauka. Sunanta Gwendolyn Brooks. Ko sunan taron ma, Furious Flower, wato fure mai fushi, daga cikin wata waƙarta aka tsamo shi.

Brooks ba ta zo Harrisonburg tana neman lambar yabo ba, don tana da su har sun yi mata yawa. A cikin shekarar kaɗai gwamnatin tarayya ta zaɓe ta ta gabatar da laccar Jefferson, wadda ita ce babbar girmamawar da take yi wa masana adabi da tarihi, gidauniyar littattafai ta ƙasa kuma ta ba ta lambarta ta hidimar tsawon rayuwa. To me ya sa wannan taro na ƙaramin gari ya fita daban? A ganina amsar tana ga waɗanda suka yi karramawar da kuma tsawon lokacin da aka ɗauka kafin su samu ikon yin ta, kuma ba za a gane hakan ba sai an koma baya da shekara fiye da ɗari biyu.

A 1761 wani jirgin ruwan bayi ya sauke wata yarinya a Boston, an kamo ta daga Afirka ta Yamma tana da shekara bakwai ko takwas. Iyalin John Wheatley suka saye ta, suka raɗa mata sunan jirgin da ya kawo ta, Phillis. Yarinyar ta koyi Turanci da sauri, ta taɓa Latin, ta fara tsara waƙa tun ba ta balaga ba. Da aka zo buga littafinta sai aka ci karo da cikas: mutane ba su yarda cewa baiwa baƙa za ta iya rubuta baiti mai ma'auni ba. Sai da manyan Boston goma sha takwas, ciki har da gwamna Thomas Hutchinson da John Hancock, suka sa hannu a wata takardar shaida cewa lalle ita ta rubuta. Duk da haka a Landan aka buga littafin a 1773. An 'yanta ta bayan haka, amma ta rasu a 1784 cikin talauci, shekarunta ba su wuce talatin da ɗaya ba, littafinta na biyu kuma bai samu mai bugawa ba.

Daga nan aka kafa wata al'ada da ta daɗe: mawaƙi baƙar fata ba ya zama mawaƙi sai wani daga waje ya buga masa hatimi. Paul Laurence Dunbar, ɗan garin Dayton wanda iyayensa suka taɓa zama bayi, yana aikin tuƙa na'urar hawa bene ne lokacin da ya buga littafinsa na farko da kuɗin aljihunsa. Sunansa ya fito ne bayan William Dean Howells, babban mai sharhin adabi na zamanin, ya yabe shi a 1896. Yabon ya buɗe masa ƙofa, ya kuma ɗaure shi, domin abin da Howells ya fi so shi ne waƙoƙin da Dunbar ya yi da karin harshen gonakin Kudu, kasuwa kuma ta nace masa a kan su. Tarin fuka ya kashe shi a 1906 yana da shekara 33.

An haifi Gwendolyn Brooks a Topeka, jihar Kansas, ranar 7 ga Yuni 1917, aka kawo ta Shikago tana jinjira. Mahaifinta, David, ya so ya zama likita amma hali bai yi ba, ya ƙare yana aikin shara da kula da gini a wani kamfanin kiɗa. Mahaifiyarta, Keziah, tsohuwar malamar makaranta ce. Gidan ba na masu kuɗi ba ne, amma akwai littattafai, uban kuma ya ba yarinyar tebur na rubutu. Tana zama a barandar bayan gida tana kallon sama tana cika littattafan rubutu da baituka. Da uwar ta ga abin da take yi, sai ta ce 'yarta ce za ta zama Dunbar ta mata, ta kuma rage mata aikin gida don ta samu sarari. Tana da shekara 13 aka buga waƙarta ta farko a wata mujallar yara. Kafin ta kai ashirin, jaridar baƙar fata ta Chicago Defender ta buga mata waƙoƙi kusan 75. Uwar ce ta ja hannunta ta kai ta gaban mawaƙa James Weldon Johnson da Langston Hughes lokacin da suka zo gari, Hughes ya karanta abin da ta miƙa masa nan take, ya ce ta ci gaba.

Unguwar da ta tashi a ciki, Bronzeville, ita ce matattarar baƙar fatar da suka gudo daga Kudu. Dokokin haya da yarjejeniyar masu gidaje sun hana su zama a wasu unguwanni, don haka masu gida suka riƙa yanka ɗaki ɗaya gida-gida, kowane iyali da murhunsa a kusurwa, banɗaki ɗaya na kowa da kowa a ƙarshen baranda. A irin wannan ɗaki Brooks ta zauna da mijinta Henry Blakely bayan aurensu a 1939. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma abin da ta rubuta ke nan a littafinta na farko a 1945: warin albasa, layin shiga banɗaki, matan da suka zubar da ciki suna tuna 'ya'yan da ba su haifa ba, sojoji baƙaƙe da suka tafi yaƙin duniya. Ta zuba waɗannan a cikin tsofaffin ma'aunan waƙar Turanci masu wuyar sarrafawa, ta nuna babu wanda ya fi ta iya su. Marubuci Richard Wright ne ya ba kamfanin Harper shawarar su buga.

Littafi na biyu, Annie Allen, shi ya kawo kyautar Pulitzer a watan Mayu na 1950. Babu wani baƙar fata, namiji ko mace, a kowane fanni, da ya taɓa samun ta kafin nan. Ita da bakinta ta sha ba da labarin ranar. An yanke musu wutar lantarki saboda ba su biya kuɗi ba, tana zaune cikin duhu da ɗanta ɗan shekara tara, sai waya ta yi ƙara, wani ɗan jarida ya faɗa mata. Da farin ciki ya lafa sai damuwa ta biyo baya: gobe masu ɗaukar hoto za su zo, za su nemi inda za su jona fitilunsu, asiri zai tonu. Washegari sun zo, sun jona, wuta ta kawo. Wani ne ya je ya biya bashin a ɓoye. Kuɗin kyautar kuwa dala 500 ne.

Wannan ɗaki mai duhu yana yawan faɗo mini a rai idan ana maganar lambobin yabo. Kwamitin da ya ba ta kyautar ya yi adalci, aikin ya cancanta. Amma kyautar ba ta buɗe hanya ga na bayanta ba. Sai da aka yi shekara 37 kafin wani baƙar fata ya sake samun ta a fannin waƙa, wato Rita Dove a 1987. A tsakanin nan akwai Langston Hughes, akwai Robert Hayden, akwai Margaret Walker da Sterling Brown da Melvin Tolson, duk suna rubutu. Hayden ma sai da ya samu babbar kyautar waƙa a bikin fasahar baƙar fata na duniya da Shugaba Senghor ya shirya a Dakar a 1966 kafin manyan masu buga littattafai na ƙasarsa su ba shi kulawar da ta dace.

Juyin rayuwar Brooks ya zo a 1967, a taron marubuta baƙar fata karo na biyu a Jami'ar Fisk da ke Nashville. Ta je a matsayin babbar baƙuwa, ta yi karatunta, aka tafa mata cikin ladabi. Sannan ta ga yadda zauren ya ɗauki wuta da matasa irin su LeRoi Jones, wanda ya koma Amiri Baraka. Waɗannan ba sa rubutu don su gamsar da Bature cewa su ma mutane ne. Suna magana ne da 'yan uwansu kai tsaye, da harshen titi da kiɗan jaz. Mace mai shekara hamsin, wadda ta riga ta kai ƙololuwa, tana iya cewa yara ne masu hayaniya ta koma gida. Ita kuwa sai ta zauna ta saurara. Da ta koma Shikago ta buɗe ajin koyon waƙa, har da 'yan ƙungiyar daba ta Blackstone Rangers a cikin ɗalibanta na farko, daga baya falon gidanta ya zama majalisar matasan marubuta irin su Don L. Lee, wanda ya koma Haki Madhubuti, da Carolyn Rodgers.

A watan Agusta na shekarar, masu zane suka ƙaddamar da wani bango a kan titi na 43, suka cika shi da fuskokin jaruman baƙar fata, suka kira shi bangon girmamawa. Fuskarta tana ciki, ta kuma tsaya a titi ta karanta waƙa ga jama'ar unguwa. A 1968 ta fitar da doguwar waƙa a kan wani katafaren gini mai suna Mecca. Sunan birni mai tsarki ne aka ara aka sa wa gidan haya na alfarma a ƙarshen ƙarni na 19, wanda daga baya ya lalace ya zama matsugunin talakawa, aka rushe shi a 1952. Ta san ginin ciki da waje, don tana budurwa ta yi wa wani mai duba aiki a can, tana hawa bene tana kai wa mutane layu da magungunan da yake sayarwa. A 1968 ɗin ne kuma aka naɗa ta mawaƙiyar jihar Illinois bayan rasuwar mai riƙe da kujerar, Carl Sandburg, muƙamin da ta riƙe har ƙarshen ranta.

Sai ta yi abin da ya fi komai tsada. Ta bar Harper, kamfanin New York da ya buga ta shekara fiye da ashirin, ta kai littattafanta Broadside Press, wani ƙaramin kamfani da Dudley Randall, ma'aikacin laburare, yake gudanarwa daga gidansa a Detroit, daga baya kuma Third World Press na Madhubuti. Ta yi asarar kuɗi, manyan jaridu sun rage yi mata sharhi, wasu masu nazari har yau suna cewa waƙarta ta farko ta fi ta baya ƙarfi. Akwai ɗan ƙamshin gaskiya a maganarsu game da wasu waƙoƙin, amma sun kasa ganin abin da take ginawa. Sunanta ya ba waɗannan kamfanoni nauyi, su kuma suka buga matasan da babu mai kallonsu. A watan Disamba na 1969 mawaƙa da makaɗa da masu rawa suka cika wani gidan wasa na unguwarta suka yi mata biki, aka tattara abin da aka karanta a daren aka buga littafi a 1971. Wannan ne somin taɓin abin da za a yi a 1994.

Wata macen ma ta yi irin wannan tunani. A 1973, cikar shekara ɗari biyu da fitowar littafin Phillis Wheatley, Margaret Walker ta tara mata marubuta baƙar fata a kwalejin Jackson ta jihar Misisipi, cikinsu akwai Alice Walker da Audre Lorde da Lucille Clifton da June Jordan da Nikki Giovanni, don su yi wa yarinyar jirgin bayi bikin da ba a yi mata tana raye ba. Wannan karon babu gwamnan da aka nema ya sa hannu.

Joanne Gabbin ta san Brooks tun tana ƙaramar malama a Shikago, ta kuma rubuta littafi a kan Sterling Brown, wanda ya rasu a 1989 bayan shekaru masu yawa da aka yi ana yi masa riƙon sakainar kashi. Ta ga yadda dattawan suke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fara a matsayin gayyatar Brooks ta zo ta yi karatu ya girma ya zama taron mawaƙa da masu nazari fiye da talatin. Wurin ma yana da nasa nauyin. A gaɓar Bajiniya aka sauke 'yan Afirka na farko a yankin mulkin mallakar Ingila da ya zama Amurka a 1619. A 1831 majalisar jihar ta haramta tara baƙar fata don koya musu karatu da rubutu. James Madison da jami'ar take ɗauke da sunansa ya mallaki bayi sama da ɗari a gandunsa na Montpelier, kuma a wannan jihar ce wata gunduma, Prince Edward, ta rufe makarantun gwamnati gaba ɗaya daga 1959 zuwa 1964 don kada yara baƙaƙe su zauna aji ɗaya da farare. Wasu daga cikin waɗanda suka hau dandamali a 1994 sun girmi wannan labari.

Baraka ya zo, Sonia Sanchez ta zo, Giovanni da Madhubuti da Michael Harper sun zo, Rita Dove ma, wadda a lokacin ita ce mawaƙiyar ƙasa. Waɗannan ba mutane ne masu ra'ayi ɗaya ba. Tun shekarun 1960 ake taƙaddama a kan ko mutum baƙar fata ne da farko sannan mawaƙi, ko mawaƙi ne da ya kasance baƙar fata, kuma taƙaddamar ta raba abokai. Da wuya a samu wani suna da zai zaunar da ɓangarorin biyu a zaure ɗaya in ba na Brooks ba, domin ita ta ci jarrabawar waɗancan, ta kuma amsa kiran waɗannan.

Abin da ya fi burge ni a taron shi ne ba a tsaya kan tauraruwa ɗaya ba. An ɗaga dattawan da sunansu bai zagaya duniya ba, waɗanda suka yi shekara arba'in ko hamsin suna noma ba tare da an ga rumbunsu ba. Akwai Samuel Allen, lauya, sa'an Brooks a haihuwa, wanda littafin waƙarsa na farko a Jamus aka buga shi a 1956 da sunan aro Paul Vesey. Akwai Naomi Long Madgett, malamar makaranta a Detroit, wadda ta riƙe kamfanin Lotus Press tun 1972 tana buga waƙoƙin wasu. Akwai Pinkie Gordon Lane, baƙar fata ta farko da ta zama mawaƙiyar jihar Louisiana, da Mari Evans ta Indianapolis, da Raymond Patterson na New York. Kyautar littafi ɗaya tana auna gwaninta ta shekara guda. Karramawar tsawon rayuwa tana lissafa ajin da aka koyar, da matashin da aka karanta wa rubutu aka mayar masa da amsa, da kamfanin da aka riƙe da albashin koyarwa. Wanda yake waje ba shi da labarin waɗannan, sai na gida.

Ita kanta Brooks a wannan ma'auni ta fi kowa nauyi. Shekara da shekaru tana shirya gasar waƙa ta yaran makarantun Illinois, kyautar kuma daga jakarta take fitowa. Ta shiga gidajen yari da asibitoci da mashaya tana karatu. Da aka naɗa ta mai ba da shawara kan waƙa a Laburaren Majalisar Dokoki a 1985, mace baƙar fata ta farko a kujerar, ta mayar da ofishin wurin karɓar ɗalibai da amsa wasiƙu. An san ta da zama bayan taro tana sa hannu a littafi har sai mutum na ƙarshe a layi ya tafi.

A can bayan zauren kuma akwai wasu matasa 'yan wata ƙungiya ta Boston mai suna Dark Room Collective, da yawansu ba su da littafi ko ɗaya. Cikinsu akwai Natasha Trethewey, wadda ta ci Pulitzer a 2007 ta zama mawaƙiyar ƙasa a 2012, da Kevin Young, wanda daga baya ya shugabanci cibiyar Schomburg ta Harlem da gidan tarihin baƙar fata na ƙasa a Washington. Shekara biyu bayan taron, Toi Derricotte da Cornelius Eady suka kafa Cave Canem, sansanin horar da mawaƙa baƙar fata. Ba zan ce taro ɗaya ya haifi duk wannan ba, amma ƙofar da ta yi shekara 37 a rufe ta daina rufuwa: Tracy K. Smith ta ci Pulitzer a 2012, Gregory Pardlo a 2015, Tyehimba Jess a 2017, Jericho Brown a 2020.

Gabbin ta sa an ɗauki taron a faifan bidiyo, aka fitar da shi kashi huɗu, aka kuma buga littafin maƙaloli da hirarraki a 1999. An sake taruwa a 2004, a 2005 jami'ar ta kafa cibiya ta dindindin, ta farko a Amurka da aka keɓe wa waƙar baƙar fata. Taron 2014 an sadaukar da shi ga Rita Dove, na huɗu kuma ya zo a 2024 ƙarƙashin Lauren Alleyne, 'yar asalin Trinidad, wadda ta gaji Gabbin. Ba kullum ake riga ajali ba. Lucille Clifton ta rasu a Fabrairun 2010 tana da shekara 73, sai a watan Satumba abokanta suka taru a Harrisonburg suka karanta waƙoƙinta 73, ɗaya ga kowace shekara.

Margaret Walker ta rasu a 1998. Brooks ta bi ta ranar 3 ga Disamba 2000, a gidanta na kudancin Shikago, tana da shekara 83, Patterson kuma a 2001. Da Gabbin ta jira taron 2004, da kujeru da yawa babu masu su. A 2010 wani mawaƙi, Terrance Hayes, ya ƙirƙiro sabon tsarin waƙa don tunawa da ita, inda ake ɗaukar kalmomin ɗango ɗaya nata a jera su a ƙarshen ɗangogin sabuwar waƙa, yau yaran makaranta a ƙasashe da yawa suna gwada shi. Ranar 7 ga Yuni 2018, ranar da za ta cika shekara 101, aka buɗe mutum-mutuminta na tagulla a wani lambun shaƙatawa mai sunanta a Shikago. A bayansa an gina 'yar baranda ta katako, kwatankwacin wadda take zama tana yarinya, don yaran unguwa su samu inda za su zauna su yi rubutu.